Ƙadangaren Bakin Kasko da Salsalar Ƙwayoyin Cuta

Bahaushe ya ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida da hantsi ya ga haka da idonsa. Uwar gida ta zuba wa kaji ruwa a ɓarin kasko, sun sha sun watse suna tone-tone, sai jan gwada ya gangaro daga katanga, ya tsaya yana gyaɗa kai kamar mai neman iso, ya tsoma baki, ya koma ya baje a rana. A karin maganar kaza ce mai gida, ƙadangare kuwa ɗan cin arziki. Amma masu binciken ƙwayoyin cuta na bairos sun tono wani labari da ya birkita wannan lissafi. Akwai wata cutar kaji mai jawo wa masu gona asara, wadda idan aka bi salsalar ƙwayar da ke haddasa ta, alamu suna nuna cewa gidan kakanninta a jikin ƙadangaru da macizai yake. An kai ga wannan ne ta hanyar karanta rubutun halittar ƙwayoyin, da jera su dangi-dangi kamar yadda masana nasaba ke jera zuriya. Mutane da yawa za su ce wannan aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ni kuwa ina ganin aiki ne da ya cancanci a kashe masa kuɗi, kuma ya kamata mu ma a same mu a cikinsa.

A shekarar 1976 masu kiwon kajin ƙwai a ƙasar Holan suka fara kokawa da wani abu mai ɗaure kai. Kaza tana nan garau, tana ci tana sha, ba ta tari ba ta gyangyaɗi, amma ƙwanta ya lalace. Da farko launin ɓawon ya koɗe, sai ya yi siriri har yatsa na lotsa shi, daga baya wasu su fito ba ɓawo sam, sai tantani kawai, kajin kuma su fasa su shanye kafin mai gona ya zo kwasa. Yawan ƙwan da ake samu kan ragu da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na tsawon makonni. Likitocin dabbobi suna kiran cutar EDS-76, kuma ta daɗe da isowa gonakin kaji na Najeriya. Da aka kama ƙwayar, sai aka ga 'yar gidan adenobairos ce, babban dangin da aka fara ganowa a 1953 a cikin naman maƙogwaron yara, wanda ke sa mutane mura da jan ido da gudawa. Aka kuma gano cewa agwagi ne ke ɗauke da ita ba tare da ta dame su ba, kuma ana kyautata zaton ta shiga kaji ne ta wata allurar rigakafi da aka haɗa da ƙwayoyin jikin agwagwa. Abin da ya rage ba a warware ba shi ne, wannan ƙwaya ba ta yi kama da sauran adenobairos na tsuntsaye ba. Baƙuwa ce a cikinsu.

Kundin halittar irin wannan ƙwaya, wato DNA, dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C. Adenobairos ɗaya yana da haruffa dubu talatin da wani abu, ko ƙasa da haka kaɗan, wasu kuwa sun haura dubu arba'in. Idan ƙwayoyi biyu daga tsatso ɗaya suka fito, rubutunsu zai yi kama, kamar allunan almajirai biyu da suka kwafa daga hannun malami ɗaya, har kurakuransu kan zo iri guda. Gwargwadon nisan rabuwarsu, gwargwadon yawan bambancin. Da wannan ma'auni wasu masana a birnin Budapest na ƙasar Hangari, Balázs Harrach da Mária Benkő, suka nuna cewa ƙwayar EDS 'yar'uwar wasu baƙin ƙwayoyi ce da aka samu a shanu da tumaki, waɗanda su ma ba su dace da sauran na dabbobi masu shayarwa ba. Duka suna da wata alama: haruffan A da T sun yi rinjaye a rubutunsu, a ta tumaki har sun kai kusan kashi biyu cikin uku. Sai aka ware musu gida na kansu, aka sa masa suna Atadenovirus, wato masu yawan A da T. Gida dai ya samu, amma tambaya ta ƙara girma. Me ya haɗa agwagwa da saniya da tunkiya har za su riƙe ƙwayoyi 'yan ɗaki ɗaya?

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. A 2004 James Wellehan na Jami'ar Fulorida da abokan aikinsa suka yi amfani da gwajin PCR, wanda zamanin korona ya sa kowa ya san sunansa, suka karanta guntun rubutun adenobairos shida daga ƙadangaru iri bakwai, ciki har da tsaka iri uku, da kulɓar Ostireliya mai shuɗin harshe, da hawainiya, da ƙadangare mai dafi na hamadar Amurka, da ƙadangaren nan mai gemun ƙaya da Turawa ke kiwo a gida kamar kyanwa. Duka shidan suka faɗa gidan Atadenovirus. Da aka karanta kundin ta maciji gaba ɗaya a 2008, sai aka ga A da T ba su rinjaya ba, kusan raba daidai ne. Daga nan masanan suka kafa hujjar cewa asalin wannan gida a jikin ƙadangaru da macizai yake, can ne ƙwayoyin suka fi yawa kuma suka fi bambanta, na shanu da na tsuntsaye kuwa 'yan ci-rani ne da suka tsallaka a wani zamani mai nisa, rubutunsu ya karkata bayan sun sauka a sabon masauki. Hasashe ne mai ƙarfi, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙara masa nauyi. Abin dariya, sunan gidan ya zama na baƙi, masu gida ba su amsa shi ba. A 'yan shekarun nan kwamitin duniya mai raɗa wa ƙwayoyin bairos suna, ICTV, wanda aka kafa a Mosko a 1966, ya sauya sunan zuwa Barthadenovirus don tunawa da wani likitan dabbobi ɗan Hangari, Adorján Bartha.

Amfanin wannan nasaba a fili yake ga wanda ya san halin ƙwayar bairos. Sau da yawa tana zaune lafiya da tsohon mai masaukinta, sai ta tsallaka jikin baƙo sannan ta nuna hali. Agwagwa ba ta san tana ɗauke da komai ba, kaza ce ta ji jiki. A Kalifoniya a 1993 wata 'yar wannan gidan ta karkashe barewa masu ɗimbin yawa da zubar jini. Ran da sabuwar cuta ta ɓulla a gona ko a gari, tambayar farko da ma'aikacin ɗakin gwaji ke yi wa kwamfuta ita ce, wannan rubutu da na wa ya yi kama? Kwamfuta ba ta duba, ba ta san gaibu ba, abin da aka taɓa zuba mata kawai take kwatantawa da shi. Ƙadangaru sun haura iri dubu bakwai a duniya, sun fi dukkan dabbobi masu shayarwa yawan iri. Ma'ajiyar da ta tsallake su tana da babban giɓi. A 2018 wata tawaga ƙarƙashin Zhang Yongzhen na ƙasar Sin da Edward Holmes na Ostireliya ta bincika kifaye da kwaɗi da dabbobi masu jan ciki iri 186, ta fito da sabbin ƙwayoyi 214, ciki har da dangin ƙwayar mura da dangin Ebola a jikin kifi. Leƙawa ɗaya ke nan.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa, kuma ba zan raina maganarsa ba. Ƙasar da zazzaɓin Lassa ke kashe mutane duk rani, kwalara ke dawowa duk damina, sauro bai bar kowa ba, asibitin ƙauye ba shi da ko safar hannu, ita ce za a ce ta je ta duba lafiyar ƙadangare? Wanda gemunsa ke cin wuta ba ya tsayawa gyaran gashin baki. Da a ce kuɗin maganin yara za a ɗiba a yi wannan aiki, da ni ne na farkon cewa a bari. Sai dai lissafin ba haka yake ba. Na'urar da ke karanta kundin Lassa ita ce dai za ta karanta na ƙadangare, hannun da ya ƙware a wannan shi ne ya ƙware a wancan. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fitar da kundin ƙwayar korona na farko a Afirka a watan Maris na 2020, cikin 'yan kwanaki, saboda ma'aikatanta sun riga sun goge da Lassa da Ebola. Ɗakin gwajin da ke kulle sai annoba ta zo, ranar da aka buɗe shi za a tarar sinadarai sun lalace, ƙwararru sun tafi Turai. Ɗalibi mai neman digiri na biyu da ya koyi aiki a kan samfurin ƙadangare, wanda ba shi da haɗari irin na Lassa, shi ne gobe zai karɓi jinin majinyaci hannunsa ba ya rawa.

Ita kanta Lassa, dabba mai jan ciki ce ta gyara mana fahimtar danginta. Tun da aka gano ƙwayar a 1969 daga garin Lassa na Borno, aka kuma danganta ta da ɓera, an ɗauka danginta, Arenaviridae, na dabbobi masu shayarwa ne kawai, galibi ɓeraye. A 2012 Mark Stenglein da Joseph DeRisi a Kalifoniya suka binciki wata cuta da ta daɗe tana kashe mesa a gidajen ajiye dabbobi, inda macijin kan murɗe wuya ya kasa juyawa, sai ga 'yan'uwan Lassa a ciki. Abin da ya fi ba da mamaki, furotin ɗin da suke buɗe ƙofar jiki da shi ya fi kama da na Ebola. Dole aka raba dangin gida biyu, na masu shayarwa da na masu jan ciki. Haka kuma allurar korona ta AstraZeneca da aka fara sauke wa Najeriya a Maris na 2021, a kan adenobairos na birin chimpanzee aka gina ta, kuma da ba a taɓa samun waɗanda suka zauna suna tattara ƙwayoyin jikin biri ba, da babu abin da za a gina a kai. Ba ina alkawarin cewa ƙwayar ƙadangare za ta zama allura ba ne. Amma wadda aka samu a ƙadangare mai dafi na Meziko, da aka karanta kundinta a 2014, an ga tana da ƙahonin kama jiki iri biyu, a wasu kusurwoyinta gajere guda ɗaya, a wasu dogaye uku, tsarin da ba a taɓa gani ba a duk dangin adenobairos. Masu ƙera allurai da irin waɗannan ƙahoni suke aiki.

Wani kuma zai ce wannan magana tsoro za ta jefa wa jama'a, gobe yara su fito da danƙo su ƙarar da ƙadangarun unguwa. Wannan damuwa tana da tushe, don mun ga irinta. A watan Janairun 2020 wata takardar bincike ta yi hasashen cewa daga maciji korona ta fito, labarin ya zagaye duniya cikin kwana ɗaya, ya cika Facebook da WhatsApp, kafin sauran masana su rushe shi. To da me suka rushe shi? Da sanin dangogin ƙwayoyi da irin jikin da kowane ke zama. An san cewa macizai da ƙadangaru suna da nasu dangin korona na nesa, kamar wadda aka gano a 2016 tana sa wa wata kulɓar Ostireliya ta Yamma majina da kumburin ido, kuma an san reshensu daban ne da na jemagu da mutane. Ilimin nan shi ke wanke dabbar da aka yi wa ƙazafi. Adenobairos na ƙadangare ba a san shi da kama mutum ba, zafin jikinmu ma daban yake da nasu. Abin da ke tsakaninmu da ƙadangare na gaske bakteriya ce, Salmonella, wadda ke cikin kashinsa, har akwai irin da aka raɗa wa suna Agama, sunan jan gwada a kimiyance, don a jikin jan gwadan Najeriya aka fara samun ta. Maganinta kuwa rufe tulu ne da ɗaga shanyar kuɓewa da barkono daga ƙasa. Kashe mai cinye mana kiyashi da gara ba ya cikin lissafi.

Suka mafi nauyi daga cikin masanan kansu take fitowa, kuma ita ce na fi jinkiri a kanta. A 2017 aka amince cewa za a iya ba ƙwaya suna da gida bisa rubutunta kaɗai, ko da ba wanda ya taɓa ganin ta ko ya raine ta a ɗakin gwaji. Masu adawa suka ce wannan tara sunaye ne kawai: ka san haruffa, ba ka san ko tana sa ciwo ba, ba ka ma tabbatar da jikin wa take zaune ba. Suna da misali a hannu. A Jamus, wajen shekarar 2001, an samu wata ƙwaya a jikin ƙadangarun kiwo da suka mutu, da aka duba sai ga ta kusan ɗaya da wadda ke kashe gyaren da ake sayarwa don ciyar da su. An daɗe ana muhawara a kan ko cutar ta kama ƙadangaren ne, ko kuwa abincin da ya ci ake gani. Wanda ya goga auduga a duburar dabbar da ke cin ƙwari zai kwaso ƙwayoyin ƙwari da yawa, idan kuma ya yi gaggawa zai laƙaba wa ƙadangare abin da ba nasa ba. Ƙari a kan haka, yawancin ƙwayoyin ƙadangaru da ake ambata, guntun rubutu mai haruffa 'yan ɗaruruwa kawai aka karanta daga cikin dubu talatin. Na yarda da duk wannan. Abin da yake nunawa shi ne a haɗa karatun haruffa da fiɗa da duban hanta da hanji a madubin likita, a kuma karanta kundi cikakke.

Amma a duba ɗaya gefen. A farkon shekarun 1960, a birnin Belém na Birazil, Ottis Causey da abokan aikinsa suka kama wasu ƙwayoyi daga jikin ƙadangaru, suka sa musu suna Marco da Timbo da Chaco. Suna da su a hannu, suna rainon su, daga baya aka ga siffarsu ta harsashi irin ta dangin ƙwayar haukan kare. Duk da haka Marco da Chaco sun shafe fiye da shekara hamsin a firji ba a san ɗakin da suke ba a cikin dangin, sai da aka karanta kundinsu. Wannan Causey ɗin shi ne ya zo Jami'ar Ibadan a 1964 ya kafa ɗakin binciken bairos da tallafin Gidauniyar Rockefeller, inda ake kama dabbobin daji da na gida da kaska da sauro ana dubawa ba tare da jiran annoba ba. A can aka gano ƙwayar Mokola a 1968 a jikin jaɓa, 'yar'uwar haukan kare, aka sa mata sunan unguwar da ke maƙwabtaka da Sabon Hausawan Ibadan. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ake samo samfuran. Galibin ƙwayoyin ƙadangaru da aka raɗa wa suna, daga dabbobin keji aka same su, a Amurka da Turai da Ostireliya, domin can ne ake da mai kai ƙadangarensa asibiti ya biya kuɗin gwaji idan ya ga ya daina cin abinci, yana ramewa, yana ɗaga kai sama kamar mai ƙirga taurari. Cikin iri bakwai ɗin da Wellehan ya duba, biyu 'yan yankinmu ne: tsaka mai kitsen wutsiya ta Afirka ta Yamma, da hawainiyar tsaunukan Kamaru. A keji aka same su, a wata nahiya, bayan sun cuɗanya da dabbobin wasu ƙasashe, ta yadda tantance wace ƙwaya ce tasu ta gado, wace ce suka kwasa a hanya, sai an dawo gida an duba 'yan'uwansu na daji. Kuma safarar ba ƙarama ba ce. Ana fitar da damo dubbai duk shekara daga Ghana da Togo da Benin zuwa kasuwannin dabbobin kiwo, jan gwadan Afirka ta Yamma kuwa ya riga ya zama ɗan gari a Fulorida, yana hawa katangunsu kamar yadda yake hawa namu. Abin da irin wannan ciniki ke iya ɗauka an gan shi a 2003, lokacin da gafiyoyi da wasu ɓeraye da aka kai Amurka daga Ghana suka shigar da ƙyandar biri, mutum 47 suka kamu. Ran da aka samu wata ƙwaya a jikin damo a Turai aka ce daga wajenmu ta zo, wanda ba shi da nasa bayanan ba shi da bakin musu.

Aikin kansa ba ya buƙatar sabon gini. Akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom tun 1924, akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ba sai an kashe dabba ba: a kama ta da zarge, a goga auduga a bakinta da duburarta, a ɗiga jini kaɗan daga jijiyar wutsiya, a sake ta. A fara da wuraren da jiki ke haɗuwa da jiki, wato akurkin kaji, da kasuwar tsuntsaye inda agwagwa da zabo da tattabara ke kwana keji ɗaya, da rumfunan masu sayar da naman daji inda ake feɗe guza da damo da hannu ba safa. A rubuta sunan dabbar da Hausa da kuma na kimiyya, da garin da watan da aka kama ta, domin rubutun ƙwaya da ba a san inda ya fito ba rabin amfaninsa ya tafi. Sannan a zuba sakamakon a ma'ajiyar GenBank da kowa ke iya buɗewa, da sunan waɗanda suka yi aikin, bisa sharuɗɗan yarjejeniyar Nagoya ta 2010 da ta ba kowace ƙasa iko a kan albarkatun halittarta. Mafarautan da suka san ramin damo da lokacin da yake ɓuya da rani, da yaran da suka iya zarge jan gwada da zaren kaba, su ne za su kawo samfurin farko, kuma ya kamata a biya su.